Bangon Ɗakin Mai Jego

Maitumbi, Minna.
Ranar Lahadi.

Zuwa ga mahaifina, Baba Irimiya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Yaya ƙafar? Yaya Mama da aikin gona? Mijina Moses yana gaishe ka, jikokinka kuma kullum sai sun tambayi ranar da za ka zo. Tunda kunnenka ya ƙi waya, na koma takarda kamar 'yar makaranta, Josiah direba zai riƙa kawo maka duk ranar da ya yi lodin Kafanchan. Kada ka ce rubutuna ya yi ƙanana, gilashinka ne ya tsufa.

Albishirinka, Baba. Na samu aiki a Tudun Wada, kuma a gidan da ka sani sarai, gidan marigayi Malam Maiwada magini, wanda kuka yi shekaru kuna hawa katako tare. Ɗansa Alhaji Ndako, mai kai doya Legas, shi ya nemo ni har gida. Ka san gidan ba a shiga, namiji ba ya wuce zaure sai an yi sallama mata sun shige ɗaki. Mai famfo ya sha wahala, rabin yininsa a zaure yake ƙarewa yana jiran izini. Da aka gaya wa Alhaji akwai mace mai sa tayil, ko ciniki bai tsaya ja ba. Ka tuna lokacin da mutanen coci suke maka dariya wai ka koya wa 'ya mace riƙe cokalin gini? To yau zanen da nake ɗaurawa ne ya ba ni aikin.

Banɗaki suke so a cikin ɗaki. 'Yar Alhaji, Kafayatu, ta dawo gida da cikin fari, ana sa ran haihuwa cikin watan gobe. A da a tsakar gida ake wankan jego bayan zana, amma yanzu maƙwabcinsu ya ɗaga bene, tagoginsa duk suna kallon tsakar gidan. Shi ya sa aka ce a mayar da ɗan siton da ke jikin ɗakin Kafayatu banɗaki. Bango ɗaya ne ya raba su, kuma wannan bangon ne ya hana ni sakewa. Tsohon ginin Malam Maiwada ne da kansa, tubalin jar ƙasa, daga baya aka yi masa filastar siminti ciki da waje. A ido ka rantse bulo ne. Shi ke ɗauke da katakon rufin ɗakunan biyu.

Na san za ka ce a zamaninku siminti mai ƙarfi kuke shafawa, ku goge ya yi santsi, ku ce Allah ya kiyaye. Yanzu akwai maganin da muke shafawa kafin tayil, domin tayil shi kaɗai ba ya hana ruwa, ta layin da ke tsakaninsa yake bi a hankali ya shiga bango. Gari ne da wani farin ruwa, a kwaɓa ya yi kaurin kunu, a shafa da buroshi. In ya bushe sai ya zama kamar fatar roba. A kusurwoyi da bakin bututu ana manna wani ƙyalle mai raga a shafe shi a ciki. Shafi biyu ake yi, na farko a kwance, na biyu a tsaye, sannan a toshe rariya a cika ƙasan da ruwa a bar shi ya kwana a ga ko zai ragu. Sai ya ci wannan jarrabawa ake ɗauko tayil. Ni kuwa da na ji wankan jego za a yi a ciki, na ce har rufi zan shafe, don na ga yadda ake fyaɗa tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, ba inda ba ya kaiwa.

Matar marigayin, Inna Bintu, tana nan da ranta da bakinta, kuma har yau ita ce gidan. Ta ce in tambaye ka ko har yanzu kwano biyu kake ci. Kujera take ɗaukowa ta zauna bakin ƙofa tana kallon aikina, sunana ma ta mayar da shi Liliya. Wai ita ba ta taɓa ganin ana yi wa bango shafe-shafe kamar amarya ba, bangon Malam ya sha damina fiye da shekaruna, ko tari bai taɓa yi ba. Na yi dariya na ce gaskiya ne, Inna, amma rufi ne ke kare shi, ba a taɓa yi masa wanka safe da yamma ba.

Inda na tsaya ke nan: na yi shafin farko a ƙasa, na hau da shi bango zuwa gwiwa, sai maganin ya ƙare. Mai shagon ya ce sai motar Abuja ta zo cikin mako. A sama kuma akwai doguwar tsaga da mai famfo ya sassaƙa don bututu, har jar ƙasar ta fito fili, ban rufe ba saboda bai gama gwajinsa ba. Na roƙi Inna kada ko ɗigon ruwa ya taɓa wurin, na jawo ƙofar na ɗaure da waya. Ba na gaggawa, tunda haihuwar da saura.

Ka gaida Mama da kowa da kowa. Ka riƙa shan maganinka, kada ka ɓoye shi a aljihu.

Ni ce 'yarka,
Lilian.

Maitumbi, Minna.
Ranar Alhamis.

Baba,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ka yi haƙuri yau ba zan tsawaita ta ba. Josiah na jiran takardar a tasha, ni kuma hankalina ba a kwance yake ba.

Kafayatu ta haihu. Washegarin ranar da na rubuto maka naƙuda ta kama ta tun lokaci bai yi ba, aka samu namiji, ɗan ƙarami amma da lafiyarsa. Ba wanda ya gaya min, kuma ban ga laifinsu ba, wa ke tuna mai tayil ranar haihuwa? Yau da safe maganin ya iso, na loda bokitaina a keke napep na nufi Tudun Wada da murnata. Tun daga zaure ƙanshin dafaffen ganye ya doki hancina.

Wayar da na ɗaure ƙofa da ita an kwance ta an rataye a ƙusa. Ciki kuwa tururi ne, bango jiƙe sharkaf har rufi, ganye manne ko'ina. Ashe tun ranar haihuwa a nan Inna ke yi wa jikarta wanka safe da yamma, a nan kuma ake wanke kayan jariri saboda ruwan sama. Babbar tukunyar ƙarfe suke ja a ƙasa daga ƙofa zuwa kusurwa, ƙafafunta sun yage shafin da na yi daidai gindin bangon. Takardar simintin da na cusa a rariya don kada yashi ya shiga, ba su lura da ita da wuri ba, ruwa ya kwanta har idon sawu kafin wata ta zaƙulo ta. Tsagar bututun nan kuwa, da na sa yatsa sai ya nutse kamar cikin tuwo.

Ban yi ihu ba, ka yaba min. Na wanke hannu na shiga na yi barka, aka miƙo min yaron. Baba, tayil ɗaya ya fi shi nauyi. Gadon yana manne da bangon nan, kuma ta wajen bangon ake kwantar da shi don kada ya faɗo. Na sunkuya kamar zan gyara zane, na ga fentin ƙasa ya yi duhu ya kumbura. Na ƙwanƙwasa da yatsa, sai na ji amon fanko. Filasta ta riga ta rabu da ƙasar da ke bayanta.

Na ja Inna gefe na roƙe ta abu biyu, a daina wanka a wurin, a kuma fitar da mai jego zuwa wani ɗaki. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ke Liliya, cikin ruwan sama kike so in fitar da yarinya, ko mazan bene kike so su sha kallo? Mai jego ba ta sauya ɗaki kafin suna. In sanyi ya shige ta, buroshinki ne zai cire mata?” Ta ce matan da ta yi wa wankan jego ba su ƙirguwa, ba wadda ta kumbura ko ta lalace a hannunta, ba kuma za ta fara a kan jikarta ba. Da na sake ambaton bangon sai ta ɗaga min hannu, wai aikin Malam ne, bai taɓa ba ta kunya ba.

Na fahimce ta, Baba, kada ka ce ban fahimta ba. Ita ma tsoro take ji, nata ne ya bambanta da nawa. Mahaifiyar Kafayatu tana tsaye tana jin mu, amma ka san 'yar fari ce, ko sunanta ba ta kamawa balle ta sa baki a zancenta, ga shi kuma gaban suruka. Kai kawai ta sunkuyar. Na kira Alhaji, ashe motar doyarsa ta lalace bayan Mokwa. Ya ce, “Madam, abin da Inna ta ce shi za a yi, in na dawo ma yi magana. Ba dai kin shafa magani ba?” Kafin in gama bayani layin ya yanke.

Ina fitowa na ga an sake ɗora tukunyar a wuta don wankan yamma. Hadari kuma ya haɗu ta wajen Bosso.

Kai ka san ginin ƙasa, ni a bulo na tashi. In gindinsa ya sha ruwa haka, yana ba da lokaci ko ba ya bayarwa? Me zan duba? Ka gaya wa Mama ta kira ni da zarar ka karanta, don Allah kada ka bari sai ka gama cin abinci.

Taka,
Lilian.

Maitumbi, Minna.
Ranar Juma'a da yamma.

Babana,

Ina gaishe ka, ina gaida Mama. Ban san ranar da Josiah zai sake tashi ba, amma in ban rubuta ba ƙirjina zai fashe.

Mama ta kira da sassafe ta faɗa min saƙonka. Ka ce ginin ƙasa ba ya gargaɗi irin na bulo, tsaye za a gan shi har lokacin da zai zauna gaba ɗaya. Ka ce in duba ƙofa, in ta fara cijewa to ya fara sauka. Ka kuma ce in bi Inna da lallashi, don tun tana amarya ba a tura ta. Na farkon na bi. Na biyun ne ya gagare ni, ka dai san halin 'yarka.

Da na isa, ƙofar ɗakin sai an ɗaga an tura da kafaɗa, alhali jiya da hannu ɗaya na buɗe ta. A saman taga wata siririyar tsaga ta fito wadda babu ita a da. Ɗakin cike yake da 'yan barka, wasu a tabarma, wasu a bakin gado sun jingina da bangon suna hira suna miƙa wa juna yaron. Na durƙusa gaban Inna har ƙasa. Na ce ko ba don ni ba, ko don zaman da kuka yi da marigayi, ta bari a matsar da su na 'yan kwanaki. Ta ce in gaishe ka da kyau, in kuma kwashe bokitaina in dawo bayan arba'in.

Ban san lokacin da na isa zaure ba. Na zaro guduma da kurfi daga jakata na dawo. Na ce wa Kafayatu ta ɗauki ɗanta ta tsaya bakin ƙofa, ta kalli fuskata sau ɗaya ta tashi ba musu. Na ja gadon gefe. Na san in na fasa na tarar da busasshiyar ƙasa, ba ni da sauran fuska a Tudun Wada, in kuma na buga da ƙarfi ni da kaina zan jawo abin da nake gudu. A hankali na sa kurfin, kusa da ƙasa. Ban ma gama bugu na biyu ba filastar ta ɓallo faifai guda. Abin da ke bayanta ba tubali ba ne, Baba, jar laka ce, kuma da ɗuminta, don ba a daɗe da gama wankan safe ba. Na damƙo ta, na kamo hannun Inna na zuba mata a tafi.

Mata suka ɗauki salati, wasu suka yi waje ba takalmi, yaron ya tsala kuka. Inna kuwa ba ta motsa ba. Ta daɗe tana kallon abin da ke hannunta, sannan ta dunƙule shi, ruwa ya biyo tsakanin yatsunta. Na zaci shi ke nan, ta gani. Sai ta ɗago ta ce, ba tare da ɗaga murya ba, “Kin fasa ɗakin mai jego a gaban baƙi. Ubanki ya ci abinci a gidan nan shekara da shekaru, ko ƙofa bai taɓa bugawa da ƙarfi ba. Fita.” Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Kafin in gama haɗa kayana na ga ana kwasar katifa ana kai wa ɗakin mahaifiyar Kafayatu, can ɗaya gefen tsakar gida. Ba wai sun yarda da ni ba ne. Cewa suka yi ƙura da ramin da na yi za su sa wa jariri mura.

Moses ya yi faɗa sosai. Ya ce wane gida ne zai sake kiran matar da ke shiga da guduma kan jariri, kuma na san yadda labari ke yawo a garin nan, kafin Lahadi har coci zai kai. Yana da gaskiyarsa. Na san na taɓa sunanka a gidan da ake ganin girmanka, wannan kam ya dame ni, ka yafe min. Amma yau yaron nan ba a gindin bangon zai kwanta ba, kuma in za a sake, sakewa zan yi.

'Yarka,
Lilian.

Maitumbi, Minna.
Ranar Asabar.

Baba,

Ina fata kun tashi lafiya. Mu nan tun asuba ake ruwa bai ɗauke ba.

Kafayatu ta kira ni da rana, murya ƙasa-ƙasa kada a ji. Abu ɗaya mai daɗi, an daina wanka a banɗakin. Inna da kanta ta sa aka kewaye rumfar girki da zannuwa, a can ake yi, ba ta kuma ce wa kowa ga dalili ba. Sauran labarin ne ya sa na kasa cin abinci.

Inna ta sa an cusa tsumma a ramin da na fasa, an jingina tabarma a kai. Sannan ta sa an ɗauko gadonta an ajiye daidai inda na Kafayatu yake. A nan take kwana, a nan take cin abinci, a nan take salla. Ta gaya wa matan gidan cewa in ta kai Litinin lafiya, to kowa ya ga ƙaryar 'yar Irimiya, kuma Kafayatu za ta koma ɗakinta ranar suna, don a nan aka jera mata kaya, a nan baƙi za su same ta. Alhaji har yanzu yana hanya. Kafayatu kuka take yi, ta ce ita tsoron ɗakin take ji amma ba ta isa ta ce a'a ba.

Ka gani, Baba? Na cire jariri na saka tsohuwa, jibi kuma za a mayar min da su duka, har da 'yan suna cike da ɗaki.

Zan gaya maka abin da ban gaya wa Moses ba. Da na ajiye wayar, haushi ya sa na ce a raina to ya faɗi mana, kowa ya huta da gardama. Sai na tuna wadda ke kwance a gindinsa, matar da ta riƙa ajiye min ƙosai a ɗan kwano duk safiya. Na ji kunyar kaina, na roƙi Allah gafara. Yanzu addu'ata ita ce ya tsaya, ko da za a yi ta min dariya har in tsufa. Amma in ya tsaya zuwa Litinin, yaron zai koma ciki. Ban san wanne zan roƙa ba.

Ku sa mu a addu'a.

Lilian.

Maitumbi, Minna.
Ranar Lahadi da yamma.

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Mama. Josiah zai tashi gobe, zai haɗo maka takardun nan uku. Ka karanta su a jere, kada ka tsaya a ta jiya hankalinka ya tashi.

Yau a coci ruwa ya yi ta dukan kwano har ba a jin Fasto. Ni dama ba na ji. Duk ƙarar da ta ƙaru sai in ga bangon nan a idona. Ana tsakiyar waƙa na miƙa wa Moses yaran na fita, da kayan cocina da komai, na tari keke zuwa Tudun Wada. Ban ɗauki guduma ba, ban kuma shirya abin da zan faɗa ba, don maganata ta riga ta ƙare.

Mata na ƙarƙashin rumfa suna dakan suna. Da suka gan ni taɓarya ta tsaya, amma ba wadda ta tare ni. Ƙofar ɗakin yanzu ko rufuwa ba ta yi, a karkace take. Inna na zaune a gado da carbi a hannu, bayanta jingine da bangon. Na gaishe ta, ta yi kamar da kujera nake magana. Sai na cire takalmi, na janye tabarmar, na zauna a ƙasa daidai bakin ramin na jingina bayana. Nan take sanyin laka ya ratsa rigata. Na ce, “Inna, kin ce lafiyarsa ƙalau. To na zo taya ki zama.” Ta ce in zauna har in gaji.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ban taɓa jin tsoro irin na yau ba. Ina jin bangon a bayana kamar abu mai rai. Ruwa na zuba a waje, katakon rufi na ɗan yin ƙara jifa-jifa, ni kuma ina ta tunanin wa zai yi wa 'yata Charity kitso in ba ni. Sau biyu ƙafata ta so ta tashi da kanta, na danne ta da hannu. Can sai na ji wani abu na zubo min a ɗankwali, na shafa, ashe jar ƙasa ce ke tsiyayowa daga sama.

Carbin Inna ya tsaya. Ba ta kalli bangon ba ko sau ɗaya, ni take kallo. Ta tambaye ni 'ya'yana nawa. Na ce biyu, ƙaramin bai daɗe da yaye ba. Ƙasar ta sake zubowa, wannan karon har a cinyata. Ban san tsohuwar nan na da sauran ƙarfi haka ba, sai ji na yi ta damƙe wuyan hannuna tana ja. “Tashi, mai taurin kan tsiya. Ni na ci zamanina. Ba za a ce 'yar Irimiya ta mutu a gidan Maiwada ba.” Na ce ba inda za ni sai da ita. Ta ce ai ga shi tana jana, ko makauniya ce ni? Haka muka fito tsakar gida cikin ruwa, tana riƙe da ni tana faɗa.

Ta sa aka gindaya benci da turmi a bakin ƙofar, ta ce ko gadonta kada wanda ya shiga ɗaukowa. Ta juya wurin matan ta ce ɗakin ya yi wa jariri sanyi, a ɗakin uwarta Kafayatu za ta karɓi baƙi gobe. Na hango Kafayatu daga ƙofa ta rungume ɗanta ta sa fuska a zanensa.

Daga baya Inna ta kai ni ɗakinta na da, ta ba ni busasshen zane, ta sa aka kawo min kunun kanwa irin na mai jego, wai in sha ko na daina karkarwa kamar kazar da aka tsamo a rijiya. Muka zauna a ƙasa tunda gadon yana can. Ba ni take kallo ba da ta fara magana. Ta ce tun ranar da ta dunƙule lakar nan ta sani, matar magini ce ita, ba sai an gaya mata ba. Ta ce, “Shekarar da aka kawo ni gidan nan ya gina shi. Ni ke ɗebo ruwa a rijiya, shi yana kwaɓawa. Ni na ba shi ruwan farko, ga shi ni na ba shi na ƙarshe.” Na fashe da kuka, ta ce in rufe mata baki, gidan suna ne.

Har na baro gidan bangon yana tsaye. Ta ce bayan suna a tokare rufin a sauke bangon, a tayar da na bulo, in zo in yi shafe-shafena har rufi yadda nake so. Sai dai a jira ta tafi Beji wurin ƙanwarta tukuna, ba ta son jin ƙarar.

Ta rako ni har zaure, abin da ba ta taɓa yi ba. A nan ta ba ni saƙo gare ka, ta ce kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka san hannunsa, kuma ta sa na maimaita mata don kada in sauya ko kalma ɗaya. Ta ce in gaya maka ba aikin Malam ne ya gaza ba.

Na isar, Baba.

Ni ce 'yarka mai ƙaunarka,
Lilian.